Kwabon da Maƙera Ta Yi wa Kuskure: Yadda Ake Gane Shi da Hukuncin Cinikinsa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya gaskiya ta zama ginshiƙin ciniki. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, wanda mutanen Makka suka shaida amanarsa a fatauci tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako a kan wata mas'ala yake wadda ƙarama ce a ido, amma takan raba 'yan'uwa, takan kuma jefa mutum cikin haram bai sani ba. Dattijo ya rasu a Bunguɗu, a buɗe akwatinsa domin rabon gado, a tarar da gwangwani cike da kwabo mai huji da sisi da sule. Manomi a Tsafe yana huɗa bayan ruwan shuka, garma ta tono masa tsohon kuɗi. Ɗan kasuwa daga Gusau ya tafi Maraɗi, ko ya tafi aikin Hajji, a ba shi canji, ya dawo gida ya ga ɗaya daga cikin kuɗin ƙarfen nan rubutunsa ya karkace ko ya ninku. Sa'an nan wani ya zo ya ce zai saya, ko kuwa ya ce irin wannan a Turai kuɗinsa ya isa sayen gida. Daga nan tambayoyi uku ke tasowa: mene ne wannan abu a haƙiƙa, nawa ce darajarsa, kuma ya halatta a sayar da kwabo ɗaya a kan dubban naira?

Sanin kuɗi ilmi ne na addini

Kada mai karatu ya ɗauka wannan magana ta Turawa ce kurum. Imamu Gazali, a cikin babin ladubban neman abinci na littafinsa Ihya'u Ulumiddini, ya bayyana cewa wajibi ne ɗan kasuwa ya koyi rarrabe kuɗi mai kyau da na jabu, kuma babban dalilin da ya kawo shi ne kada ya miƙa wa Musulmi ɗan'uwansa jabu bisa jahilci, ya ɗauki zunubin sakaci. Ya kuma nuna cewa laifin shigar da dirhamin jabu cikin kasuwa ya fi na sata tsawon rai, domin sata takan ƙare a ranar da aka yi ta, shi kuwa jabu yana ta yawo daga hannu zuwa hannu, ko da wanda ya fara sakinsa ya daɗe a kabari.

Alƙur'ani mai girma ya ambaci dinari a Suratu Ali Imrana, aya ta 75, ya ambaci dirhamomi a Suratu Yusufa, aya ta 20. A Suratul Kahfi kuwa, aya ta 19, an ba da labarin samarin kogo da suka aiki ɗayansu birni da kuɗin azurfa domin ya sayo abinci. Masu tafsiri sun ce kuɗin nan ne ya tona al'amarinsu, saboda mai abinci ya duba shi ya ga bugun wani sarki ne da ya shuɗe tun shekaru aru-aru, har aka zargi saurayin da tono wata dukiya da aka binne. Watau tun a wancan zamani, ɗan kasuwa mai lura yakan karanta kuɗin da aka ba shi kafin ya jefa a aljihu.

A zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da dinarin Rumawa da dirhamin Farisa ake ciniki, ana auna su da ma'auni. Halifa Abdulmalik ɗan Marwana ne ya fitar da dinari na Musulunci tsantsa, wanda babu hoto a jikinsa sai rubutun Larabci, a shekara ta 77 bayan Hijira. Nauyinsa kimanin giram 4.25 ne, kuma da shi malamai suke lissafin nisabin zakka har yau. Saboda muhimmancin nauyin nan ne Imamu Malik ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa cewa Sa'idu ɗan Musayyib yana lissafa yanke gefen kuɗin zinariya da azurfa a cikin ɓarna a bayan ƙasa.

Kuɗin da suka ratsa kasuwannin Zamfara

Kafin zuwan Turawa, da wuri ake ciniki a ƙasar Hausa, kuma kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Manyan fatake kuma sun san liyari, babban kuɗin azurfa na ƙasar Ostiriya mai hoton sarauniya Mariya Tereza.

A 1907 aka fara buga kwabo da anini masu huji domin Nijeriya. Aninin 1907, watau ɗaya bisa goma na kwabo, da alminiyam aka yi shi, kafin a sake masa ƙarfe a 1908. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, a 1913 ta fitar da taro da sisi da sule da fataka na azurfa. Daga 1920 aka janye azurfar, aka koma tagulla. Kwabon wancan zamani, a fuska ɗaya akwai kambi da sunan Sarkin Ingila da darajar kuɗin da boko da kuma haruffan Larabci, a ɗaya fuskar akwai tauraro mai tsini shida da shekara. Da hanyar jirgin ƙasa ta taso daga Zariya, ta bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ta isa Ƙauran Namoda a 1929, sai cinikin gyaɗa da auduga ya kwararo da waɗannan kuɗi cikin ƙauyukan Zamfara. Shi ya sa har yau ake samunsu a tsofaffin gidaje da kufai.

Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki ran 1 ga Yuli, 1959, ya fitar da nasa kuɗin, cikinsu har da taro mai kusurwa goma sha biyu mai hoton auduga. Ran 1 ga Janairu, 1973, aka koma naira da kwabo, fam ɗaya ta zama naira 2, sule ya zama kwabo 10. A 1991 aka mai da kwabo 50 da naira 1 kuɗin ƙarfe. Ran 28 ga Fabrairu, 2007, aka fitar da sababbin kwabo 50 da naira 1 da naira 2, aka kuma janye ƙananan kwabbai daga rabin kwabo zuwa kwabo 25. A yau tsadar kaya ta kori kuɗin ƙarfe daga kasuwannin Gusau, ko da yake na 2007 ba a soke su ba. Masu zuwa Jamhuriyar Nijar da Saudiyya kuwa har yanzu suna karɓar kuɗin ƙarfe a canji.

Yadda kuskure ke shiga

Wanda bai san yadda ake buga kuɗi ba, ba zai gane kuskuren bugu ba. A maƙerar kuɗi, ana fara daddaɓe ƙarfe ya zama falle, sa'an nan inji ya yanko ƙananan faya-fayai marasa rubutu. Kowane faifai sai a sa shi tsakanin hatimi biyu na baƙin ƙarfe, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, da wani zobe da ke riƙe gefensa. Sai inji ya danna da ƙarfin gaske, rubutun fuska biyu ya fito a bugu ɗaya. Saboda haka kuskure ta ƙofa uku yake shiga.

Ta farko, ƙofar faifai. Wuƙar inji takan ci gefen wani faifan da aka riga aka yanka, sai kuɗin ya fito da gibi kamar jinjirin wata. Wani lokaci faifan wani kuɗi dabam yakan ɓuya a cikin inji, sai a buga masa hatimin da ba nasa ba, ya fito da nauyi ko launin da bai dace ba. A kwabo mai huji kuma, akan sami wanda hujinsa ya kauce daga tsakiya, ko wanda ya kuɓuta ba a huda shi ba sam.

Ta biyu, ƙofar hatimi. Idan hatimi ya tsage, tsagar takan fito a jikin kuɗin kamar siririn zare da ya taso sama. Idan tun wajen sassaƙa hatimin aka ninka rubutun, duk kuɗin da aka buga da shi zai fito da haruffa biyu-biyu. Shahararren misali shi ne ƙaramin kwabon Amurka na 1955, wanda kimanin 20,000 suka shiga hannun jama'a da ninkakken rubutu. Mafi ban mamaki shi ne a haɗa hatimin wani kuɗi da na wani kuɗin dabam. Masana wannan fanni suna kiran irinsa alfadari, domin uwa dabam, uba dabam. A 2008 haka ta faru a Ingila, kuɗi mai darajar kwabo 20 ya fito ba shekara a kowace fuska.

Ta uku, ƙofar bugu. Faifai yakan zauna a karkace, sai rubutu ya tafi gefe ɗaya, ɗayan gefen ya zama fili. Kuɗi yakan maƙale a buga shi sau biyu. Hatimi yakan juya daga mazauninsa, sai fuska ɗaya ta saɓa wa ɗayar.

Alfadaran kwabo mai huji

Wannan kuskure ya faru a kan kuɗin da kakanni suka yi ciniki da su a Gusau. Yawancin kwabban Afirka ta Yamma a Ingila aka buga su. Wanda aka buga a maƙerar Heaton ta birnin Birmingham yana da ɗan ƙaramin harafin H, na maƙerar King's Norton yana da KN, na maƙerar Sarki kuwa ba shi da harafi. Tun da maƙera ɗaya takan buga wa ƙasashe da yawa kuɗi, hatimai sukan cakuɗa. Akwai uku da masana suka rubuta a cikin kundayensu.

Na ɗaya, kwabon 1936 wanda bayansa na Afirka ta Yamma ne, amma fuskarsa ta kuɗin Afirka ta Gabas ce.

Na biyu, kwabon 1945 mai ɗauke da sunan Sarki Edward na Takwas. Shi wannan sarki ya hau gado a Janairun 1936, ya yi murabus a Disambar shekarar. Saboda haka sunansa a kan kuɗin 1945 shaida ce cewa an ɗauko tsohon hatimi bisa kuskure. A jikin kuɗin an rubuta sunan da haruffan Latin kamar haka: EDWARDVS VIII.

Na uku, kwabon 1956 mai ɗauke da sunan Sarki George na Shida, alhali kuwa ya rasu tun Fabrairun 1952, 'yarsa Elizabeth ce ke sarauta a 1956.

To, sai a lura da wani abu. Kwabon 1936 mai sunan Edward, wanda fuskarsa da bayansa duk na Afirka ta Yamma ne, ba kuskure ba ne. An buga shi da yawan gaske, kuma farashinsa kaɗan ne. Abin dubawa shi ne saɓani tsakanin sunan sarki da shekara, ko tsakanin fuska da baya.

Yadda ake bincike

Kuɗin da ya yi shekara tamanin yana yawo ya sha wuya: an taka shi, an ƙona shi, an huda shi an rataya, an sa shi a ƙarƙashin ƙusa wajen rufin kwano. Mafi yawan abin da mutane ke zato kuskuren maƙera ne, lahani ne da ya same shi bayan ya fito, kuma lahani rage daraja yake yi. Ga hanyoyin rarrabewa.

1. A nemo wani kuɗin irinsa, na shekara ɗaya, a jera su. Ba a gane karkatacce sai an ga miƙaƙƙe.

2. A kai shi wurin maƙerin zinariya a auna. Sulen Afirka ta Yamma, alal misali, nauyinsa giram 5.66 ne. Kuɗin da aka buga a karkace nauyinsa cikakke ne. Wanda aka goge da magagari kuwa nauyinsa ya ragu.

3. A duba da gilashin ƙara girman abu. Abin da hatimi ya haifar yakan taso sama, sumul, launinsa ɗaya da sauran jikin kuɗin. Abin da wuƙa ko guduma ta haifar yakan nutsa ciki, ya ture ƙarfe gefe, wani lokaci ya bar tabo a ɗaya fuskar.

4. A gwada da maganaɗisu. Kwabo mai huji da sule da sisi ba sa kama maganaɗisu. Kuɗin Nijeriya na 1991 kuwa baƙin ƙarfe ne aka lulluɓe, suna kamawa. Tsohon kwabon da ya manne wa maganaɗisu abin tuhuma ne.

5. A duba gefensa. Idan akwai alamar ɗinki ko haɗi a kewaye, to, an raba kuɗi biyu ne aka manne su. Idan akwai ƙananan ramuka kamar na ƙuraje a fuska, to, narka ƙarfe aka yi aka zuba a ƙira, ba bugun maƙera ba ne.

6. Kada a wanke shi da toka ko lemun tsami ko yashi. Masu saye sun fi son tsohon launinsa, kuma gogewa takan zubar da mafi yawan darajarsa.

Abin da ke sa daraja

Abu huɗu ne: ƙarancinsa, lafiyar jikinsa, girman kuskuren, da yawan masu nemansa. Tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Liyari ya isa misali: duk wanda aka buga bayan rasuwar sarauniyar, 1780 aka ci gaba da rubuta masa, har cikin ƙarni na ashirin. Mai riƙe da liyari mai 1780 yawanci darajar azurfarsa kurum yake riƙe da ita, watau giram 28 wanda kashi biyar cikin shida azurfa ce. A ɗaya gefen kuma, wani dinarin Banu Umayya na shekara ta 105 bayan Hijira, wanda aka ambaci ma'adinin Sarkin Musulmi na Hijaz a jikinsa, an sayar da shi a gwanjo a Landan a 2011 a kan fam miliyan 3.7, domin irinsa 'yan ƙalilan ne suka rage a duniya.

Farashin gaskiya shi ne abin da aka riga aka biya a gwanjo a kan irin kuɗin, mai irin lafiyarsa. Abin da wani ya rubuta a intanet yana nema, buri ne kurum. Ƙaramar tsagar hatimi ba ta ƙara kome sai kaɗan. Alfadari tabbatacce ya fi kwabon yau da kullum daraja nesa ba kusa ba, amma ko shi bai kai abin da 'yan damfara ke faɗa ba.

Hukunce-hukunce

Mas'ala ta ɗaya: sayar da shi fiye da abin da aka rubuta a jikinsa. Hadisin Ubadatu ɗan Samit, wanda Muslim ya ruwaito, ya kafa ƙa'ida cewa zinariya da zinariya, ko azurfa da azurfa, sai daidai wa daida kuma hannu da hannu. Idan jinsi ya saɓa, fifiko ya halatta amma jinkiri bai halatta ba. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka, a 1982, da ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a Amman, a 1986, sun yanke cewa kuɗin zamani suna ɗaukar wannan hukunci, kuɗin kowace ƙasa jinsi ne mai zaman kansa. Daga nan mas'alar ta rabu uku.

Idan kuɗin an daina ciniki da shi, kuma ba zinariya ko azurfa ba ne, kamar kwabo mai huji da anini da kwabban 1973, to, ya zama haja kamar tsohuwar tasa. Ya halatta a sayar da shi a kan duk abin da aka yi yarjejeniya, hannu da hannu ko bashi.

Idan na azurfa ne, kamar liyari ko sulen 1913 zuwa 1919, ya halatta a sayar da shi da naira ko nawa ne, da sharaɗin a karɓa a bayar a zama ɗaya. Idan kuwa da wata azurfar za a musanya shi, lalle ne nauyi ya zo daidai, ba a duban tsufa ko kyan bugu.

Idan kuɗin yana aiki har yanzu, kamar naira 1 ta 2007, sayar da shi da naira fiye da darajarsa musayar jinsi ɗaya ce da fifiko, kuma mafi yawan malaman wannan zamani sun hana. Wasu sun sassauta tsakanin kuɗin ƙarfe da na takarda idan hannu da hannu ne, amma barin abin da ake shakka ya fi aminci. Bugu da ƙari, dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007, sashe na 21, ta hana lalata naira da fataucinta, ta takarda ko ta ƙarfe, da horon ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyu. Kuɗin wata ƙasa kuwa, kamar sefa ko riyal, jinsi ne dabam, ya halatta a sayar da shi da naira a kan abin da aka daidaita, hannu da hannu.

Mas'ala ta biyu: wanda ya same shi a canji. Nasa ne, domin haƙƙinsa aka biya shi da shi, ba a neme shi da ya mayar ba. Amma idan mai kanti ya yi kuskuren lissafi ya ba shi fiye da canjinsa, wannan ƙarin amana ce a wuyansa.

Mas'ala ta uku: mai saye ya san daraja, mai sayarwa bai sani ba. Malaman Malikiyya, a cikin sharhohin Muhtasar na Shehu Halil, sun tattauna misalin wanda ya sayar da dutse da araha, daga baya ya bayyana yaƙutu ne. Suka ce idan da sunan da ya game shi aka yi cinikin, watau dutse, ciniki ya tabbata a gaban alƙali. Idan kuwa an kira shi da sunan da ba nasa ba, kamar a ce gilashi ne, mai shi yana da ikon warwarewa. Haka kuma idan mai sayarwa wakili ne, ana mayarwa. Sun kuma ware wanda ya sallama wa abokin cinikinsa, ya ce masa bai san farashi ba, ya saya yadda mutane ke saye. Idan aka yi masa ƙarya, yana da ikon fasawa. A ƙaddara wata tsohuwa a Tsafe ta kawo gwangwanin kwabbai ta ce wa mai saye, "Ɗana, duba mini, ko akwai na kirki a ciki?" Shi kuwa ya hangi na 1945 mai sunan Edward, ya ce mata, "Iya, duk tarkace ne." Wannan ƙarya ce da cin amana, abin da ya samu a kai ba halal ba ne. Ko a inda alƙali ba zai warware ciniki ba, nasiha ga Musulmi tana nan a kansa.

Mas'ala ta huɗu: ƙirƙirar kuskure. Wanda ya daki kwabo da guduma, ko ya toshe hujinsa, ko ya sake masa lamba ɗaya a shekararsa, sa'an nan ya sayar da sunan kuskuren maƙera, ya yi algus. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira labarin mai abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasa ya bar busasshen a sama, Annabi ya tona shi da hannunsa, ya kuma nisanta mai algus daga tafarkinsa. Haka nan haɗa baki da wani ya zo yana ƙara farashi alhali ba saye zai yi ba, shi ne najashu da aka hana. Wanda kuma ya gano daga baya cewa abin da ya saya jabu ne, bai halatta ya tura wa wani domin ya fanshe hasararsa ba.

Mas'ala ta biyar: gado da tsintuwa. Abin da aka samu a akwatin mamaci na magada ne duka, har da mata da marayu. Babban wa ba shi da ikon ɗauke gwangwanin ya ce ai ba kome ba ne, kuma wasiyyi ba ya sayar da rabon maraya da faɗuwa. A bincika daraja tukuna, sa'an nan a raba. Abin da aka tono a ƙasa kuwa, rikazi a mazhabar Malik shi ne abin da mutanen jahiliyya suka binne, shi ake fitar wa humusi. Abin da Musulmi ya binne hukuncin tsintuwa gare shi. Tukunyar sulalla da aka tono a kangon gida a Bunguɗu, ko da sunan Sarkin Ingila ne a jikinsu, galibi mutanen gidan ne suka binne ta, saboda haka sai a nemi magadansu, a yi cigiya har shekara. Kwabo ɗaya tilo da ruwa ya wanko a hanya, wanda ba mai waiwayarsa, babu laifi ga wanda ya tsinta ya riƙe.

Mas'ala ta shida: zakka. Na azurfa da nauyinsa ake lissafi, nisabi dirhami 200, watau kimanin giram 595, abin da ya haura nauyin sule 100. Wanda ba zinariya ko azurfa ba, idan an saye shi domin kasuwanci, hukuncin hajar kasuwa gare shi: mai jujjuya haja yakan ƙiyasta ta kowace shekara, mai ajiyewa yana jiran tsada kuwa sai ya sayar zai fitar da ta shekara ɗaya. Idan gadonsa aka yi, babu zakka a kansa, sai an sayar, kuɗin sun kai nisabi, shekara ta kewayo a kansu.

Gargaɗi

Akwai masu yawo suna cewa kwabo mai huji yana da wani sirri saboda tauraron da ke jikinsa, ko wani sinadari da Turawa suka ɓoye a ciki, ko yana jawo arziki idan an yi masa turare. Ƙarfe ne da inji ya buga a Ingila, ba ya amfanarwa ba ya cutarwa, kuma rataya zuciya a kansa haɗari ne ga tauhidin mutum. Akwai kuma masu cewa ga mai saye a ƙasar waje ya shirya miliyoyi, sai dai a fara biyan kuɗin rajista ko na gwaji. Mai saye na gaskiya biya yake yi, ba ya karɓa. Duk wanda ya sayar da akuyarsa ko hatsinsa domin irin wannan alkawari, ya saki reshe ya kama ganye.

Saboda haka, wanda Allah Ya sa irin wannan kuɗi ya faɗo hannunsa, sai ya bi tsari: ya tabbatar nasa ne, ya bincika ko kuskuren na maƙera ne, ya nemi farashin gaskiya, ya duba jinsin ƙarfen da ko ana ciniki da shi har yanzu, sa'an nan ya faɗa wa abokin cinikinsa abin da ya sani ba ragi ba ƙari. Idan wani abu ya shige masa duhu, ya tambayi malamin garinsu kafin a ƙulla ciniki, domin tambaya bayan an ci kuɗi ba ta cika amfani ba.

Allah Ya azurta Musulmi da halal mai albarka, Ya tsare su daga zamba da cin haƙƙin marayu. Allah ne Mafi sani.